Azurfar Gado da Sisin Gwal: Amsoshin Tambayoyinku

Yawancin wasiƙun wannan wata daga Sakkwato da kewayenta suka zo, kuma kan abu guda suke: masu tsofaffin kuɗin azurfa suna son musanya su da na zinariya, amma suna tsoron a cuce su. Mun taƙaita tambayoyin, mun haɗa masu kama da juna.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu ta rasu, rabona na gado ya faɗo kan liyari 40 da gwangwani guda na tsofaffin sulalla. Ina son in mayar da su sisin gwal in ajiye wa ɗiyata. Wata dillaliya ta ce za ta ba ni sisin gwal ɗaya ta kwashe duka. Wannan ciniki ya yi? Daga wata uwa a Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Kada ki sallama tukuna. A wannan ciniki ba ƙidaya ake yi ba, awo ake yi, kuma abin da ake aunawa shi ne tsantsar ƙarfen da ke ciki.

Liyari, wato babban kuɗin nan mai hoton sarauniya Mariya Tareza ta Ostiriya, nauyinsa giram 28.07 ne, kuma kashi 833 cikin 1000 ne azurfa, sauran jan ƙarfe. Kowane ɗaya yana ɗauke da giram 23.39 na azurfa zalla. Guda 40 sun ba ki wajen giram 935, in ba su goge ba. Fam ɗin zinariya na Ingila, wanda aka fi ba amare sadaki da sunan sisin gwal, nauyinsa giram 7.99, zinariya zalla a cikinsa giram 7.32.

Sai ki nemi a duba miki farashin zinariya da na azurfa na kasuwar duniya a ranar da za a yi cinikin, a raba na zinariya da na azurfa, a ga giram nawa na azurfa ke sayen giram ɗaya na zinariya. Wannan adadi ba ya zama wuri guda. A watan Maris na 2020 ya haura 120, a wasu shekarun kuma ya sauko ƙasa da 70. Mu ɗauka, don misali kawai, ranar ya tsaya a 80. To fam ɗaya daidai yake da giram 586 na azurfa, wato liyari 25. Mai shago dole ya ci abinci: in ya sayi azurfarki da ragin kashi 10 cikin 100, ya ɗora kashi 5 a kan zinariyarsa, fam ɗin zai tsaya miki a liyari 29. Kin ga a wannan lissafi saura liyari 11 a hannunki, ga gwangwanin sulalla ba a ma taɓa shi ba. Abin da dillaliyar ke son kwashewa a ɓagas ke nan.

Gwangwanin kuwa ki zazzage shi a faifai ki ware da shekara. Sule da dala na Afirka ta Yamma masu hoton itacen kwakwa, daga 1913 zuwa 1919, azurfa ce mai kyau, kashi 925 cikin 1000. Sule giram 5.66, dala giram 11.31. A 1920 aka rage azurfar, a cikin shekarar kuma aka koma tagulla, don haka duk mai launin rawaya ba shi da azurfa ko ƙwaya. Kwabo da ɗari (rabin kwabo) da anini masu huda a tsakiya su ma babu. Sulallan Ingila kansu: zuwa 1919 kashi 925, daga 1920 zuwa 1946 rabi da rabi, daga 1947 fari ne kawai ba azurfa. In kin ga riyal ɗin Saudiyya na azurfa da alhazan da ke dawowa da shi, mai shekarar hijira 1354 zuwa 1374, giram 11.66 ne, kashi 917. Mutanen bakin iyaka kuma kan samu tsohuwar dalar Faransa ta ƙarni na 19, mai rubutun 5 FRANCS, giram 25, kashi 900. Kowane kashi a auna shi daban, a buga lissafinsa daban. Wanda aka huda ko aka liƙa wa kunne don rataya a wuya, a ajiye shi gefe, domin liƙin ba azurfa mai kyau ba ce, mai saye zai rage kuɗinsa kuma yana da gaskiya.

Abu guda kafin ki fita kasuwa: nisabin azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595, kuma naki ya wuce shi. In shekara ta zagayo suna hannunki, zakkarsu ɗaya cikin 40, liyari guda cif. Ki fitar da shi kafin musaya.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Illela. Wani mai sayar da gwal ya ce in bar masa azurfata, mako mai zuwa zai kawo mini fam biyu daga Kano. Wani abokina ya ce haramun ne. Ina gaskiyar take?

Amsa: Alhaji, abokinka ya yi maka gata. Musanya azurfa da zinariya halal ne, kuma ba a sharɗanta nauyi ya zo ɗaya ba tunda jinsinsu daban. Sharaɗin shi ne hannu da hannu, a zama guda, kafin ku rabu. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin Malik ɗan Aus da ya kai dinari 100 canji wurin Ɗalha ɗan Ubaidullahi. Ɗalha ya karɓi zinariyar yana jujjuya ta a hannu, ya ce a jira ma'ajinsa ya dawo. Sayyidina Umar yana ji, ya rantse cewa kada Malik ya rabu da shi sai ya karɓi nasa, ya kawo hadisin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cewa zinariya da azurfa riba ce sai in ungo-miƙo. In jiran ma'aji bai halatta ba, ina ga jiran motar Kano? Malaman Malikiyya sun fi kowa tsanantawa a nan, har sharaɗin “bari in kai gida in yi shawara” ba su yarda ya shiga cinikin canji ba.

Mafita mai sauƙi ce. Ka riƙe azurfarka, ya je ya kawo zinariyarsa, ku zauna ku gwada, ku yi farashin ranar, kowa ya karɓa. Ko ka sayar da azurfar da naira, kuɗin su shigo hannunka ko asusunka kana zaune, sannan ka sayi zinariya duk ranar da ta samu. Wannan hanya ta biyu ta fi nuna maka inda ake rage ka, domin farashi biyu za ka ji a fili maimakon guda ɗaya a dunƙule. Haka in tsofaffin warwaron gwal za a ba da a karɓi fam: zinariya da zinariya sai nauyi ɗaya, babu ciko. A sayar da warwaron, a karɓi kuɗi, sannan a sayi fam.

Abin da wannan hukunci ke nufi a aikace shi ne duk gwajin da za ka yi, a gaban mai kaya za ka yi shi, kafin ka miƙa naka. Ka je da kayan awonka. A rubuta takarda mai nauyin kowane fam da shekararsa da sunan mai sayarwa, a ɗauki hoton fuska biyu da waya, saboda in algus ya bayyana daga baya kana da haƙƙin mayarwa, kuma ba za a ce ka sauya kaya ba.

Tambaya: Yaya mutum zai gane sisin gwal na gaske da na jabu ba tare da ya dogara ga bakin mai shago ba? Masu karatu da dama ne suka aiko da wannan, daga Runjin Sambo da Wurno da Tambuwal.

Amsa: Babu gwaji guda da ya isa shi kaɗai. Mai jabu yana iya cin gwaji ɗaya ko biyu, abin da ke ba shi wuya shi ne ya ci nauyi da girma da sauti da zane a lokaci guda. Dalili kuwa zinariya ta fi kusan kowane ƙarfe nauyi: in ya daidaita girma nauyi zai gaza, in ya cika nauyi kuɗin zai kumbura.

Kayan aiki: ƙaramin sikeli mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, da dutsen awon da ake sayar da shi tare don tabbatar da sikelin bai kauce ba, ma'aunin faɗi da kauri mai baki biyu irin na makanikai, gilashin ƙara girma mai ninka goma, mayen ƙarfe mai ƙarfi, kofin roba da zare siriri. A kashe fanka, a ɗora sikeli a kan tebur mai ƙwari, ba a kan tabarma ko katifa ba.

A fara da nauyi da girma. Fam ɗin Ingila giram 7.99, faɗi milimita 22.05, kauri kimanin 1.5. Rabin fam giram 3.99, faɗi 19.3. Fam ɗin Saudiyya na hijira 1370 da 1377 awonsa ɗaya da na Ingila. Na Faransa mai lamba 20, wanda wasu ke da hoton zakara, giram 6.45, faɗi 21, kashi 900. Lirar Daular Usmaniyya mai kurush 100 giram 7.2. Tsohon fam da ya sha hannu yana raguwa. A Ingila da kanta, a zamanin da ake ciniki da shi, in ya gaza giram 7.94 janye shi ake yi daga kasuwa. Don haka 7.92 a fam mai gogaggen hoto ba abin tsoro ba ne, a biya shi da nauyinsa. Amma 7.80 a fam mai sabon zane alama ce mummuna, haka wanda ya haura 8.02, domin kuɗi ba ya ƙiba da tsufa. Tagulla mai ruwan gwal da aka yi daidai girman fam ba ta kai giram 4 ba, dalma kuwa giram 5 da ɗan kai. Waɗannan tun a sikeli suke faɗuwa.

Sai awon ruwa, wanda a ganinmu ya fi duk sauran amfani kuma ba ya taɓa lafiyar kuɗin. A zuba ruwa a kofi, a ɗiga sabulun ruwa kaɗan don kada kumfar iska ta maƙale, a ɗora a sikeli a mayar da shi sifili. A ɗaure fam da zare, a saukar da shi cikin ruwan har ya nutse duka, yana rataye, bai taɓa gindi ko gefen kofi ba. Lambar da sikeli ya nuna, a raba nauyin fam da ita. Fam na gaske zai nuna 0.45 ko 0.46, amsar ta faɗo kusa da 17.5. Zinariya mai karat 18 (karat ma'aunin tsantsar zinariya ne, fam na gaske karat 22 ne) za ta nuna wajen 0.52, amsa 15 da ɗoriya. Tagulla mai giram 8 za ta nuna sama da 0.90. Inda ake kuskure: kumfa guda da ta maƙale a ƙarƙashin kuɗin, ko zare mai kauri, ko hannu na rawa har kuɗin ya taɓa gindi, duk suna ɓata amsa. A yi sau uku. Kuma a sani ƙaramin sikeli ba zai raba karat 22 da 21 a kan fam ɗaya ba, domin tazarar 0.02 ce kawai. In ana son wannan, a ɗaure fam huɗu ko biyar a auna tare, ko a nemi sikeli mai lamba uku bayan ɗigo.

Mayen ƙarfe aikinsa kaɗan ne. In ya kama kuɗin, jabu ne, an gama. In bai kama ba, bai ce komai ba, domin tagulla da jan ƙarfe da dalma duk ba ya kama su. Mutane da yawa a nan ake cin su.

Sauti: a ɗora fam a kan ɗan yatsa, a ƙwanƙwasa gefensa a hankali da fensir. Na gaske yana yin tsiwwa mai tsawo, siririya. Na zubi da mai dalma sautinsu gajere ne, a dushe. A kwatanta da wanda aka tabbatar da shi. Sai dai fam na gaske da aka taɓa liƙa wa kunne a wuta shi ma yakan rasa muryarsa.

Yanzu gilashi. Fam na gaske bugawa aka yi da inji mai ƙarfi, don haka gashin sarki da jijiyoyin doki da fikafikan dodon da ke ƙarƙashin kofatonsa duk a tsaye suke, filin da ke kewaye sumul. Na zubi yana da ƙananan ramuka kamar fuskar mai zanzana, haruffa a kumbure, wani lokaci da siririn layi a gefe inda rabi biyu na mazubi suka haɗu. Tsage-tsagen gefe su zama daidai wa daida. Inda suka cushe ko aka ga alamar goge da zarto, a yi hattara. A duba shekara da ƙaramin harafin da ke nuna inda aka buga shi, wanda yawanci yake kan ƙasa, sama da shekarar, ƙarƙashin doki. S na Sidni ne, M na Malbon, P na Pat, duka a Ostareliya; C na Kanada; SA na Afirka ta Kudu, daga 1923 zuwa 1932; I na Indiya, wanda a cikin tsofaffi 1918 kaɗai ke da shi. Marar harafi bugun Landan ne, kuma Landan ba ta buga fam ba daga 1918 zuwa 1924. Duk fam mai ɗaya daga waɗannan shekaru da ba shi da harafi, jabu ne ko da nauyinsa ya cika. Na 1917 marar harafi yana da wuyar samu ƙwarai kuma an yi jabunsa da yawa. In an tallata muku shi da farashin gama-gari, ku bar shi.

Ruwan gwaji da baƙin dutsen da maƙeran farfaru ke goga zinariya a kai suna da amfani, amma fatar waje kawai suke karantawa. Haka na'urar haske da manyan shaguna ke da ita: ba ta shiga ciki sosai, ruwan gwal mai kauri yana iya ruɗin ta. Akwai ƙarfen da ake kira tangistin, nauyinsa kusan ɗaya da na zinariya, ana lulluɓe shi da gwal, yana cin sikeli da awon ruwa. Taurinsa ne ke tona shi: ba ya karɓar bugu da kyau, zanen yakan fito a dushe, sautinsa kuma daban. Shi ya sa ba a tsallake gilashi da kunne don na'ura ta ce 916, wato karat 22. Ruwan gwajin kuwa yana ƙona fata da ido, a bar wa masu sana'ar, kuma kada a yarda a yi wa tsohon fam zarto sai da yardar mai shi.

Tambaya: Na sayo sisin gwal a Makka don sadaki, da rasit ɗinsa. Da aka kai wa wani maƙeri a Sakkwato ya ce ba na asali ba ne. An cuce ni? Daga wani ango a Arkilla.

Amsa: Allah ya sanya alheri, ango. Duba jikinsa da gilashi. In ka ga an buga 21K ko 875 ko 22K a wani lungu, to kwaikwayon maƙera ne da ake sayarwa a fili a shagunan Saudiyya da Dubai, yawanci giram 8 cif. Zinariya ce ta gaske, ba a cuce ka ba muddin da farashin giram aka sayar maka. Mai karat 21 yana da giram 7 na zinariya zalla, fam na asali 7.32, don haka a faɗa wa waliyyan amarya abin da yake, a kira shi da nauyinsa da karat ɗinsa a wurin ɗaurin aure. Ya ninka mafi ƙarancin sadaki, rubu'in dinari, sau da yawa.

Wanda ke da haɗari shi ne kwaikwayon da ba a yi wa hatimi ba. A shekarun 1950 an buga irinsu da yawa a Italiya da Labanan da Siriya, lokacin da fam ke tsada fiye da zinariyar da ke cikinsa, kuma suna yawo har yau. Wasu zinariyarsu ta cika, wasu ta gaza. Duk wanda zanensa bai gamsar ba, a saye shi a matsayin gwal na narkarwa bayan awon ruwa, kada a biya masa ko kwabo na tsufa.

Tambaya: Liyarina duka 1780 aka rubuta. Wani ya ce sun haura shekara 200, kuɗinsu ya fi na azurfa nesa. Haka ne? Daga Gwadabawa.

Amsa: A'a, Baba. Sarauniyar ta rasu a 1780, aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara a Biyana da Landan da Faris da Rum da Bombai, har yau ma ana bugawa. Yawancin na hannun mutane kuɗin azurfarsu ne darajarsu. Abin dubawa shi ne ko na gaske ne: giram 28, faɗi milimita 40 zuwa 41, awon ruwa ya nuna wajen 2.75, amsa 10.2. A gefensa akwai rubutu mai tudu da ado, ba tsage-tsage ba. Na zubi gefen nan ne ke fara ba shi kunya. In an jingina liyari a karkace aka saki ƙaramin mayen ƙarfe mai ƙarfi a kansa, zai gangaro a hankali kamar ana riƙe shi. A kan farin ƙarfe na jabu zai zame da gudu ko ya manne. Jan ƙarfe mai ruwan azurfa shi ma yana rage masa gudu, amma awon ruwa zai ba shi 9, ba 10 ba.

Tambaya: Na wanke sulallana da toka da lemon tsami sun yi fes. Sisin gwal ɗin ƙanena kuma ya yi fari a gefe bayan ya kwana a jakar wani mai haƙar zinariya. Me za mu yi?

Amsa: Ki daina gogewa, ƙanwata. Toka da yashi suna cin azurfa suna shafe zane, mai saye kuma yana karanta gaskiyar kuɗi ne a zanen da duhun da ya taru a lungunansa. Ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi sun isa. Kada ruwan bilic ya taɓa azurfa, baƙi take yi. A ajiye kowane fam a 'yar takardarsa, kada su gogi juna.

Farin da ke jikin na ƙanenki zaiba ce, wadda masu haƙa ke kama zinariya da ita. Tana taɓa gwal take shiga jikinsa. Fam ɗin bai zama jabu ba. Kada a ƙona shi a murhu ko a ɗaki don a kore ta, domin hayaƙinta guba ne mai lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya fi illa ga yara da masu juna biyu. A sa shi a kwalba mai murfi shi kaɗai, nesa da sauran gwal, a kai wa maƙerin zinariya da ya san aikin, a faɗa masa zaiba ce tun kafin ya kai shi wuta. Bayan an cire ta wurin yakan dushe, don haka a sake auna fam ɗin kafin a yi masa farashi.